Ajiya Maganin Wata Rana: Daga Gafakar Malaman Gobir Zuwa Faifan Kwamfuta

Akwai wata tambaya da ya kamata a riƙa yi wa duk marubucin da ya fara fitar da littafi a shekarun 1990, ita ce: ina uwar rubutun littafinka na farko take a yau? Abin da ake nufi shi ne ainihin rubutun da za a iya ɗauka a kai maɗaba'a a sake ɗab'insa ba tare da an zauna an sake buga shi daga bismillah ba. Da yawa daga cikinmu amsar da za su bayar ita ce yana cikin wani faifai, faifan yana shagon wani mai buga takardu, shagon kuwa an daɗe da mayar da shi wurin cajin waya. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin yadda aka koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta riƙa yi wa mai ita kwafin ajiya da kanta. Sai dai da yake matsalar ta girmi na'urar nesa ba kusa ba, bari mu faro daga gida, daga ƙasar Gobir.

A yankin Sabon Birni, kusa da gulbin Rima, nan kufan Alƙalawa yake, birnin da Sarkin Gobir Babari ya mayar cibiyar mulki a tsakiyar ƙarni na 18, inda Bawa Jangwarzo ya yi zamaninsa. A shekarar 1808 birnin ya faɗi a hannun masu jihadi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle daga can ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta ɓangaren Sakkwato ta tashi, ga shi kuma sarkinta shi ma Sarkin Gobir ake ce masa. To, abin lura ga marubuci a nan shi ne, yaƙin ɓangare biyu suka yi shi, amma labarinsa a rubuce kusan daga ɓangare ɗaya ya iso gare mu. Mafi yawan abin da muka sani game da Yunfa, daga alƙalamin waɗanda suka yaƙe shi muka same shi, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello wanda aka kammala a 1812, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo na 1813. Abin da ya zo daga Gobirawa kansu, yawancinsa ta baka ya zo, a bakin makaɗa da 'yan fada da tsofaffi. Wani sashe nasa ma baƙo ne ya fara kai shi maɗaba'a, wato Landeroin, tafintan tawagar Tilho ta Faransa da ta yi aikin shata iyakar Nijeriya da Nijar daga 1906, iyakar da ta bar Tsibiri a can, Sabon Birni a nan. Sai a 1984 Abdullahi Rafi Augi ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello kan matsayin Gobir a tarihin kwarin Rima.

Me ya sa rubutun jama'ar Shehu ya tsira, alhali su ma sun sha gudun hijira da yunwa da yaƙi? Dalili na farko shi ne sun ɗauki littafi da daraja, har ana ruwaito cewa a hijirar da aka yi daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, a kan raƙuma aka ɗora littattafan Shehu. Dalili na biyu, wanda shi ne ya shafe mu, shi ne kwafi. Littafin da malami ya wallafa ba ya kwana a gafaka ɗaya. Ɗalibi zai aro ya kwafa, ya tafi garinsu da nasa, can ma wani ya kwafa daga gare shi. Gara ta ci na Wurno, na Gwandu yana nan. Kuma su ma sun ɗanɗana abin da ake nufi da ajiya ta salwanta, domin a yaƙin Tsuntsuwa, dab da Alƙalawa, a ƙarshen 1804, sun yi asarar mutane wajen 2000, waɗanda a cikinsu wajen 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Ashe ko abin da aka ajiye a ƙirji, in masu riƙe da shi suka taru a fili ɗaya, rana ɗaya na iya tafiya da su.

Makwafin wancan zamani yana da ƙa'idojin sana'arsa, kuma yana da kyau mu riƙe su domin za mu sake cin karo da su a cikin na'ura. Takardun littafi ba a ɗinke suke ba, warwara ne, saboda haka a ƙasan shafi yakan rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don in iska ta watsa su a iya mayar da kowace mazauninta. In ya gama, sai a yi muƙabala, wato wani ya riƙe asali, wani ya riƙe kwafi, a bi su layi-layi a gyara inda ido ya tsallake. A ƙarshe yakan rubuta sunansa da sunan mai littafin, wani lokaci har da ranar da ya gama. Ga tsarin jeri, ga tantancewa, ga kwanan wata. Aibin tsarin ɗaya ne: mutum ne ke yin sa. Yakan gaji, yakan yi tafiya, damina ta zo ya tafi gona, littafi ya yi shekaru ba a sabunta kwafinsa ba.

Kwamfutocin gida na farko ba su zo da wani sauƙi ba ta wannan fuska. Irin su Sinclair ZX Spectrum da Commodore 64, waɗanda duka suka fito a 1982, masu su da yawa a kaset suke ajiye aikinsu, kaset irin wanda muke sa wa rikoda mu saurari waƙa. A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa mai amfani da manhajar DOS ta kamfanin Microsoft, ita ce kuma uwar yawancin na'urorin da suka shigo ƙasar nan daga baya. Faifanta na cirewa mai faɗin inci biyar da kwata ne, wanda daga 1983 yake ɗaukar haruffa wajen dubu 360. A wannan shekarar ce samfurin XT ya zo da faifan ciki, wanda ba a cirewa, mai ɗaukar haruffa miliyan 10. Nan fa mutane suka ga sun sami rumbu, suka yi ta zubawa. Amma rumbu ɗaya ne, ranar da ya ƙi juyawa komai ya tafi, kuma kwashe shi gaba ɗaya yana bukatar faifai kusan 30 da zaman sa'o'i ana sa wannan ana cire wancan. Wa zai yi haka kullum? Babu. Kowa ya san ya kamata, kowa kuma yana cewa sai gobe.

Masu DOS sun ba da umarni biyu don wannan aiki tun 1983, BACKUP mai kwashewa da RESTORE mai mayarwa. Illarsu ita ce abin da BACKUP ya ajiye ba ya karantuwa kai tsaye, sai RESTORE ya kwance shi, kuma an canza tsarin ajiyar a 1987, ta yadda tsohon RESTORE ba ya gane sabon kwafi. Mutum yana riƙe da faifansa lafiya lau, amma na'urar da ke gabansa ta ce ba ta san zancen ba. Shi ya sa da umarnin XCOPY ya fito a 1986, masu lura suka koma gare shi, domin shi fayil yake kwafewa yadda yake, kowace na'ura ta buɗe.

Dabarar da ta sa XCOPY ya yi amfani ƙarama ce ƙwarai, amma ni a ganina tana cikin kyawawan dabarun wancan zamani. Kowane fayil yana da wata 'yar alama da ido ba ya gani. Duk lokacin da aka taɓa fayil aka canza ko da waƙafi ɗaya ne, DOS zai ɗaga masa wannan alama, kamar yadda mai awo ke karya kara ya soka a buhun da aka buɗe. In aka ba XCOPY umarni tare da harafin M, zai bi fayilolin ya ɗauki masu alama kaɗai, ya kwafe su, sannan ya sauke alamar. Wanda yake da babi 20 amma babi biyu ya taɓa yau, biyun nan kawai za a kwashe, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai karatu zai ce me ya hana a duba kwanan wata? Dalili shi ne na'urorin farko ba su da agogo mai batir. Duk sanda aka kunna sai ta tambayi kwanan wata, in mai ita ya yi ƙyuya ya wuce, sai ta ɗauka ranar 1 ga Janairu 1980 ce. Har yau akan ci karo da tsofaffin fayiloli masu ɗauke da wannan rana, shaidar ƙyuyar masu su.

Saura abu ɗaya, wato wa zai tuna ya ba da umarnin? A nan ne takardar umarni ta shigo. DOS ya yarda mutum ya rubuta umarninsa a jere, layi bayan layi, a cikin fayil guda mai ƙarewa da BAT, in ya kira sunan fayil ɗin sai na'ura ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya kamar shi ne yake buga su. Manyan na'urorin jami'o'i masu manhajar Unix suna da wani ɗan aike mai suna cron tun shekarun 1970, wanda ake ce masa yi kaza da ƙarfe biyun dare, ya kuma yi. DOS ba shi da irinsa, kuma ba ya yin aiki biyu a lokaci guda. Sai masu na'urar gida suka mayar da wannan rauni abin amfani. Alal misali, marubuci zai buɗe fayil ya sa masa suna RUBUTU.BAT, a layin farko ya sa umarnin buɗe manhajar rubutu, a ce WordPerfect, a layi na biyu ya sa na'ura ta dakata ta ce a saka faifai, a na uku ya rubuta XCOPY C:\LITTAFI A: /M /S. Da yake DOS ba ya wucewa layi na biyu sai an rufe abin da layin farko ya buɗe, to duk ranar da ya gama rubutu ya fita, kafin ya miƙe na'ura ta tare shi da zancen faifai. Wasu kuma a cikin AUTOEXEC.BAT suke sa umarnin, fayil ɗin da na'ura ke karantawa da kanta duk lokacin da aka kunna ta. Layi uku ke nan, amma sun ɗauke wa mutum aikin da ya fi kasawa a kai, wato tunawa.

Muƙabala ma ba a bar ta a baya ba. Akwai umarnin COMP da FC masu gwama fayil biyu su faɗi inda suka saɓa. Sannan ga manhajojin matse fayil, ARC ta 1985, da PKZIP wadda Phil Katz na birnin Milwaukee ya fitar a 1989 bayan shari'ar da masu ARC suka yi da shi a 1988. PKZIP tana tattara fayiloli da yawa ta ɗaure su a ƙunshi ɗaya, rubutu zalla yakan koma ƙasa da rabin girmansa, kuma tana lissafa wata lamba daga cikin kowane fayil ta ajiye. Ranar kwancewa ta sake lissafi, in lambar ba ta zo daidai ba ta sanar cewa wani abu ya taɓu. Katz ya rasu a 2000 yana ɗan shekara 37, amma tsarin nasa yana nan, har fayil ɗin Word da muke aika wa juna yau mai ƙarewa da docx ƙunshin ZIP ne aka sauya wa suna.

Sai dai fa takardar umarni almajiri ce marar tambaya. Malamin da ke kwafi in ya ga shafi ya jiƙe tawada ta zube, zai tsaya ya nemi wani asalin. Na'ura kuwa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiye babi ya lalace, gobe za ta ga alama a ɗage, ta ɗauki lalataccen ta ɗora a kan mai kyau na cikin faifai, ta kuma ba da rahoton an yi nasara. Maganin da aka samo, wanda aka aro daga manyan ma'aikatu masu ajiya a kan zaren naɗi, shi ne juya faifai hawa uku da ake kira kaka da uba da ɗa: na kullum daban, na mako daban, na wata daban, ta yadda in ɓarna ta shiga na yau, na makon jiya bai san da ita ba. Ga kuma ƙwayoyin cutar kwamfuta, waɗanda a lokacin ta faifai suke yawo. Brain ta fito daga Lahore ta Pakistan a 1986, Michelangelo kuma, wadda ta tayar da hankalin duniya a 1992, takan kwanta shiru sai ranar 6 ga Maris ta goge farkon faifan ciki. Faifan ajiya da aka sa a na'ura mai cuta shi ma ya kamu.

To, ina marubucin Hausa yake a cikin duk wannan? Gaskiya mai ɗaci ita ce yawancinmu wannan zamani na takardar umarni ya wuce mu ne a tsaye, saboda na'urar ba tamu ba ce. Lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, zamanin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, marubuci a littafin makaranta yake rubutu da biro, ya kai wa mai tafireta, daga baya mai kwamfuta a shagon buga takardu. Wanda ke zaune a Isa ko Sabon Birni kuwa sai ya haɗa da kuɗin mota zuwa Sakkwato ko Gusau ko Kano. Mai shago shi ke da faifan ciki, kuma in ya cika, aikin da aka riga aka biya aka karɓa shi ne farkon abin gogewa. Wanda ya yi wayo ya sayi faifansa mai inci uku da rabi, wanda ke ɗaukar haruffa kusan miliyan ɗaya da rabi, ya isa ya riƙe ƙananan littattafai da dama. Amma faifai ɗaya ne, a aljihu yake yawo, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga shi yau a wannan na'ura gobe a waccan. Abin da ya ceci littattafan wancan lokaci shi ne dai tsohuwar hanyar malamai, wato yawan kwafi a hannun mutane: dubban da aka buga aka watsa kasuwanni da shagunan haya.

Akwai kuma wata asara da ta keɓanta da harshenmu. Na'urorin farko ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, har akan bi shafi da biro ana sa lanƙwasa da hannu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, ya kuma yi wa rubutun Hausa babbar hidima da su. Yadda irin waɗannan haruffa suke aiki shi ne an ɗora masu lanƙwasa a kan gurbin wasu alamomi da Hausa ba ta cika bukata ba. Saboda haka in aka kwafi fayil aka manta da salon harafin, sai a buɗe a wata na'ura a ga qasa a maimakon ƙasa, xaya a maimakon ɗaya, ko a ga baka da wasu alamomi sun cika shafi. Kwafin bai ɓata ba, mabuɗinsa ne aka bari a baya, daidai da abin da ya faru da BACKUP. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ya ƙunshi haruffanmu tun farkon shekarun 1990, amma an daɗe kafin allon rubutu da manhajoji su sauƙaƙa mana amfani da shi.

Ƙasar Isa tana da nata misalin na kwafin da ya yi rana. Makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, bai bar mana littafi ba. Abin da ya rage na muryarsa naɗi ne da aka yi, ya shiga gidan rediyo, ya koma kaset, masu sayar da kaset suka yi ta juyawa daga wannan zuwa wancan. Kowane juyi yana ƙara shuuu yana rage murya, domin haka kaset yake, jika ba ya kai kaka. Duk da haka da waɗannan kwafe-kwafen ne manazarta suka yi aiki, har Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kansa. Fifikon kwafin kwamfuta a kan na kaset shi ne na dubu daidai yake da na farko, babu ragi. Rauninsa kuma shi ne in ya lalace ba ya yin dishi-dishi a ci gaba da saurare, ɗif yake ɗaukewa.

Yau aikin da layukan nan uku suke yi ya koma cikin waya. Matasan marubuta da yawa a waya suke rubuta littafi ɗungurungum su watsa ta WhatsApp, wayar kuma takan tura kwafi zuwa rumbun intanet na Google ko wani kamfani da dare, ba tare da an sa ta ba. Ci gaba ne babba, domin kwafin yana wata ƙasa, gobara ko ɓarawo ba su kai gare shi. Amma mutanen gabashin Sakkwato sun ga iyakarsa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni, aka yi makonni ba mai iya tura komai ko sauko da komai. Tun daga 2019 kuma dubban mutanen yankin suka yi ta tsallakawa jihar Maraɗi gudun hijira, kuma wanda ya fita da dare da 'ya'ya a hannu ba ta gafakar kakansa yake yi ba. Takardun da masu binciken tarihin Arewa na Zariya suka ɗauka a hoto tun shekarun 1960, da waɗanda ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna, suna da inda za a same su. Waɗanda ke ɗakunan malamai a ƙauyukan Gobir, da littattafan makaranta da ɗalibai suka cika da waƙoƙi da labarai, yawancinsu kwafi ɗaya ne tak.

Su kuwa tsofaffin faifan da ke cikin akwatunan membobinmu, lokaci ba ya jiran su. Kamfanin Sony ya daina yin faifai mai inci uku da rabi tun 2011, kuma maganaɗisun da ke riƙe da rubutun yana raunana ko da ba a taɓa shi ba. Har yanzu akan sami 'yar na'urar karanta shi mai jonawa ta kafar USB, manhajar LibreOffice kuma, wadda kyauta ce, tana buɗe fayilolin WordPerfect da na tsohon Word. Reshen ƙungiya da ya sayi irin wannan na'ura guda ɗaya zai iya bin membobinsa ya kwashe abin da ya rage, a mayar da q da x da v zuwa ƙ da ɗ da ɓ, a ba marubuci kwafi, a bar ɗaya a reshe, a aika na uku wani reshen a wata jiha. Kafin a sa kowane tsohon faifai a na'ura, a fara tura 'yar maƙallar da ke kusurwarsa har ramin ya buɗe, domin a haka na'ura za ta iya karanta shi amma ba za ta iya rubuta komai a kansa ba.